Na Rubuta Labarin Aurena, Masu Karatu Sun Watse, Dangi Sun Taso Mini

*Assalamu alaikum, Hajiya. Ni 'yar Maradi ce, shekarata 29. An cire ni daga lakwal ina da shekara 16 aka aurar da ni ga wani ɗan kasuwa da ban taɓa magana da shi ba. Na zauna shekara 11, na fito da 'ya'ya uku bayan na mayar masa da sadakinsa. Bara na fara rubuta abin da ya same ni a matsayin labari, ina sakawa a wani zauren mata na WhatsApp. Da farko an yi ta karantawa, amma daga babi na huɗu sai aka watse. Wata ta ce mini wannan ai ƙara na shigar, wata kuma ta ce kukan ya yi yawa. Daga baya labarin ya kai kunnen gwaggona, ta gane gidan da mutanen cikinsa, ta ce na tona asirin aure, kuma in ban daina ba babu ni babu ita. Babban ɗana yana hannun ubansa, ina tsoron a hana ni ganinsa. Ga babin farko na haɗo miki. In daina ne, ko kuwa akwai yadda zan faɗi gaskiyata ba tare da na rasa dangina ba?*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki, na kuma karanta babin da kika aiko har sau biyu, kuma kafin komai ina yi miki sannu da abin da kika gani a waɗannan shekaru goma sha ɗaya. Allah Ya sa kaffara ce, Ya raya miki zuri'arki. Ba zan ce ki daina rubutu ba, domin akwai hannu a babin nan, kuma wadda aka raba da aji tana da shekara 16 amma ta koma ta riƙe alƙalami da kanta bai kamata a sake karɓe shi daga hannunta ba. Amma zan ce ki janye abin da kika riga kika saka a zauren, ki sake shi daga tushe, saboda ƙorafin masu karatunki da fushin gwaggonki daga rijiya ɗaya aka ɗebo su: kin faɗi komai tsirara, babu mayafi, shi ya sa baƙo ya gaji da sauraro, na gida kuma ya gane fuskar kowa.

Bari in fara da gwaggonki, domin tana da rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da nauyi. Addini bai rufe bakin wanda aka zalunta ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, bai kuwa tsawatar mata ba, sai ma ya ba ta mafita. Sai dai ki lura da wurin da Hindu ta kai kukanta: ta kai shi ga wanda yake da ikon share mata hawaye. Zauren waya mai ɗauke da mata ɗari biyu ba shi da wannan iko, abin da yake da shi kawai shi ne baki da kunne. A babinki kin ambaci unguwar, kin faɗi launin ƙofar gidan, kin faɗi irin hajar da mutumin yake sayarwa da layin da rumfarsa take a babbar kasuwa, har da laƙabin da ake kiran mahaifiyarsa da shi. Maradi gari ne babba a ido, amma ga tsegumi ƙauye ne, kuma duk wanda ya taɓa halartar suna ko biki a gidan nan ba ya bukatar a faɗa masa suna. Ki ƙara da cewa tun 2019 akwai dokar laifuffukan intanet a Nijar wadda ta tanadi hukunci a kan ɓata sunan mutum ta hanyar waya, don haka mai neman hujjar hana ki ɗanki kin miƙa masa sanda da hannunki. Akwai kuma sakin layi biyu da suka shiga abin da ke tsakanin miji da mata a shimfiɗa. Waɗannan ki goge su ko da a ce babu wanda zai taɓa gane ku, domin hani a kan yaɗa wannan sirri ya tabbata a hadisi, kuma yaron da kike kewa zai iya karatu wata rana.

To, ina mafita? Mafitar ta girme mu duka. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin da ake kira na Ummu Zar'i, inda Nana A'isha ta ba Manzon Allah (SAW) labarin wasu mata goma sha ɗaya da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na halin mazajensu ba. Ina so ki nemi malama ta karanta miki shi a tsanake, domin ban san wani darasi na adon harshe a kan zaman aure da ya fi shi ba. Ta farko ta ce mijinta naman ramammen raƙumi ne a kan ƙololuwar dutse, hawan ba sauƙi balle a hau, naman ba kitse balle a ɗauko. Ba ta ce marowaci ne mai girman kai ba, amma duk wanda ya ji ya ga rowar, ya ga girman kan, ya kuma ji gajiyar matar da ta daɗe tana hawa tana saukowa hannu wofi. Wannan ita ce siffantawa, wato a ɗauki abu a mayar da shi wani abu kai tsaye. Ta uku ta ce in ta yi magana a sake ta, in ta yi shiru a bar ta a rataye, kalmomi kaɗan masu kishiyantar juna da suka rufe mata ƙofa biyu a lokaci guda. Ta shida ta ce in ya ci sai ya cinye, in ya sha sai ya shanye, in ya kwanta sai ya ƙudundune shi kaɗai, ba ya miƙo hannu ya san damuwarta, kuma ki ji yadda jeren nan na ci da sha da kwanciya ya tafi da mai sauraro har ya kai shi ga abin da ya fi yunwa ciwo. Manzon Allah (SAW) ya saurari labarin har ƙarshe, kuma malaman da suka yi sharhinsa sun bayyana cewa ba a ɗauke shi giba ba saboda mazajen ba sanannu ba ne ga masu sauraro. Kin ga ke nan sakayawar da ta ƙara wa maganar ƙarfi ita ce kuma ta tsare ta daga zunubi, kuma wannan shi ne abin da nake so ki riƙe a duk sauran bayanin da zan yi.

Alƙur'ani ma da kansa, da ya zo hana miji karkata gaba ɗaya ga mace ɗaya, a aya ta 129 ta Suratun Nisa'i, da kamance ya yi magana, ya ce kada a bar ɗayar kamar wadda aka rataye, ita ba mai miji ba, ita ba sakakkiya ba. A Suratul Baƙara kuwa an kira mata tufafi ga mazajensu, maza kuma tufafi ga matansu, har ya zama marubuciya mai hankali tana iya gina labari sukutum a kan tambayar abin da ke faruwa da jiki idan tufarsa ce take yankarsa. Iyayenmu mata da ba su je lakwal ba sun san wannan hanya tun kafin a ba ta suna a littattafan nazari. Macen da take daka ko niƙa da asuba tana rera waƙa, taɓarya tana ba ta kiɗa, takan yi wa kishiya ko maigida ko uwar miji habaici da sunan kaza, ko kunama, ko tulun da ba ya riƙe ruwa. Kowa a gidan ya ji, wanda aka nufa ya fi kowa ji, amma ba wanda zai iya kai ta ƙara, domin mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Gadonki ke nan, kuma ban ga alamarsa a babinki ba.

Abin da na gani shi ne kalmar "azzalumi" sau goma sha huɗu, "mugu" sau tara, ga "na fashe da kuka" a ƙarshen kusan kowane sakin layi. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma mai karatu mutum ne mai son a bar masa aikinsa, kuma aikinsa shi ne yanke hukunci. Idan kika riga shi yankewa a layin farko, kin mayar da shi ɗan kallo a shari'ar da aka gama, sai ya tashi ya tafi. A tsakiyar babin, cikin layi ɗaya da kika wuce da sauri kamar ba komai ba, kin ce mutumin yakan auna miki hatsi da tiya kowace safiya, sannan ya shafe saman buhun da tafin hannunsa ya zana layi da yatsa don ya gane ko an taɓa. Ɗiyata, nan ne labarinki yake, kuma da ni ce da shi zan buɗe littafin. Ki nuna mana matar tana tsugune a bakin sito tana jira, ki bar mu mu ji ƙarar mabuɗan a aljihunsa, mu ga yadda yake share bakin tiyar da gefen hannu don kada ta yi tozo, mu ga layin da ya zana, sannan da rana, lokacin da baƙuwa ta yi sallama kuma tuwon bai isa ba, mu ga matar tana koyon kwaikwayon zanen yatsan mijinta. Ba ki bukatar kiran kowa azzalumi bayan wannan. Mai karatu zai faɗa da bakinsa, kuma abin da mutum ya faɗa da bakinsa ba ya mantawa da shi. Masana suna kiran wannan zayyana, wato zana hoto da kalmomi har a gani, a ji, a shaƙa.

Daga zayyana sai alamtarwa, inda abu ɗaya na zahiri yake ɗauke da ma'anar da ta fi shi girma. Ɗakin Bahaushiya cike yake da irin waɗannan abubuwa, kuma babu wanda ya kai kayan jere. Kin san yadda uwa take tara kwalla da langa da tasoshi tun 'yarta tana goyo, tana zuba adashe tana hana kanta, don ranar da za a yi jere dangin ango su shigo su ga mutuncin gidan da amarya ta fito. Ki yi tunanin labarin da kowane babinsa yake farawa da ƙidayar abin da ya rage a saman kabad: a babin farko jere ya cika har sama, a na uku an sayar da saiti ɗaya don kuɗin magani da maigida ya ce ba shi da su, a na shida an sayar da wani don kayan sallar yara, a na goma sai shatin ƙura kawai a inda kwanonin suke a da. Kayan sun zama agogon labarin, sun kuma zama jikin matar da ake gutsura kaɗan-kaɗan. Amma ga sharaɗi mai tsauri: kada ki taɓa fassara alamarki. Ranar da kika rubuta cewa "waɗannan kwanoni tamkar rayuwata suke", ranar kika kashe su. Ki kuma tsaya a kan alama ɗaya ko biyu a littafi guda, domin na sha karanta sababbin marubuta da suka gano daɗin abin suka cika shafi da tsuntsu a keji da fitilar da ke mutuwa da furen da ya bushe, waɗanda duk an gaji da su, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya fito daga tsakar gidan Maradi.

Maimaitawa kuwa kin riga kin iya ta, wurin da kika ɗora ta ne bai dace ba. Maimakon ki maimaita kuka, ki maimaita kalmar da aka fi jifan matar aure da ita, wato haƙuri. Ki bar ta ta fito daga bakin uwa ranar da za a kai amarya, da dogon nasiha da hawaye. Ta fito daga bakin gwaggo ranar yajin farko, lokacin da aka zo biko da goro. Ta fito daga bakin maƙwabciya ta kan katanga, daga bakin kishiya, daga bakin wan da aka kira ta waya bai ma bari an gama bayani ba. Kowane zuwa maganar tana ƙara gajarta, har ta koma "sai haƙuri" da ake faɗa ana duban wani wuri. Sa'an nan, can kusa da ƙarshe, ki sa 'yar matar mai shekara bakwai ta zo da kukan an doke ta, uwar ta buɗe baki ta ji kalmar nan tana fitowa daga nata bakin. Mai karatu zai ji sanyi a bayansa, domin ya gane yadda abin yake wucewa daga uwa zuwa 'ya ba tare da kowa ya yi nufin mugunta ba. Ba ina cewa haƙuri aibi ne ba, Allah Ya kiyaye. Halin ƙwarai ne da aka yi umarni da shi. Abin da labarin zai tona shi ne yadda ake karɓarsa daga hannun mai rauni kaɗai, alhali ayar da ta ce a riƙe da alheri ko a saki da kyautatawa da maza take magana.

Haka nan karin magana. Marubutanmu da yawa sukan zuba ta a bakin mai ba da labari kamar gishiri, don a ce sun iya Hausa. Ta fi amfani idan aka sa ta a bakin mutanen cikin labarin a matsayin makami, domin a rayuwa ma haka ake yi da ita. Uwar miji ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, tana nufin a rufe baki. Dattijon da aka kai wa ƙara ya ce tsakanin miji da mata sai Allah, yana nufin ba zai sa baki ba. Wani ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, matar kuma ta koma madafa ta dubi tukunyar da babu komai a cikinta sai ruwa. Wannan tazara da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da ido yake gani ita ce gatse, kuma ban san wani salo da ya fi shi dacewa da jigonki ba, saboda zaluncin cikin aure yawanci da fuska biyu yake rayuwa. Kin ce mutumin yakan raba buhunan shinkafa a ƙofar gida da azumi. Ki rubuta wannan rana daga cikin gida: muryoyin masu godiya suna shigowa ta zaure, maroƙi yana kirari, matar kuma tana lissafin ko tiyar yau za ta kai sahur.

Akwai wani abu da al'adarmu ta ba ki kyauta wanda marubutan wasu harsuna sai sun ƙirƙira shi. Bahaushiya ba ta kiran sunan mijinta. Takan ce maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko kawai "shi". Ki bar shi haka har ƙarshen littafi, ba suna, sai ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, wadda da an ji ta ake kashe rediyo, yara su bar wasa, kowa ya gyara fuska. A gefe guda ki lura da yadda sunan matar yake ɓacewa: a gidansu tana da suna da laƙabin da kakarta take mata, a gidan miji ta zama "amarya" har bayan shekara goma, ko "ke", ko uwar wane. Idan kika ɓoye sunanta na yanka tun daga ranar ɗaurin aure, ba a sake jin sa ba sai ranar da wata tsohuwar ƙawar lakwal ta kira ta da shi a asibiti har ta waiga tana neman wadda ake kira, kin faɗi abin da babi uku na kuka ba za su faɗa ba. Ki kuma saurari kalmomin auren kansu, waɗanda muka saba da su har muka daina jin abin da suke cewa: ana ɗaura aure, yana da igiya uku, ana kulle, ana saki. Yarinya mai shekara 16 da ta ji an ce "an ɗaura" daga bayan ɗaki, a ranar da ta ga an ɗaure ragon walima a turke, ba ta bukatar marubuciya ta yi mata sharhi.

Inda nake jin za ki fi shan wuya shi ne mutumin kansa. A babinki Dodo ne na tatsuniya, ba ya dariya, ba ya ciwo, ba shi da uwa da yake tsoro, kuma kambamawa irin wannan tana da daɗi ga zuciyar da aka ƙona amma tana ɓata labari. Dodo ba ya tsorata babba, kuma mafi muni, namijin da ya karanta zai ce ai ni ban kai haka ba, ya rufe littafin da kwanciyar hankali. Ki ba shi ranar da ya dawo daga Kano ko Jibiya da atamfa ya ajiye mata ba tare da ya ce komai ba, ki ba shi daren da ya kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi, ki bar mu mu ga cewa shi a ganinsa adalci yake yi da tiyar nan, domin haka ya ga ubansa yana yi. Irin wannan mutum ne mai karatu zai gane a wansa, ko a ubansa, ko a madubi. Kuma kada ki ɗora kayan duka a kansa shi kaɗai, domin binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maradi kuwa adadin ya kai kashi 89. Abin da ya kai wannan yawa ba aikin mugu ɗaya ba ne. Akwai uban da ya ji tsoron abin kunya, da uwar da ta ji tsoron uban, da talaucin da ya sa rage baki ɗaya a gida ya zama sauƙi, da dokar da ta bar shekarun auren mace a 15. Wannan adadi yana kuma gaya miki cewa ba ki bukatar launin ƙofar gidanku don a yarda da ke, tunda kusan kowace mai karatunki tana da tata ƙofar da za ta saka a wurin.

Game da wuraren duka, shawarata gajeriya ce: ki rufe ƙofar ɗakin, ki bar mu a tsakar gida tare da yaran, ko ki tsallaka zuwa safiya inda matar take ɗaura kallabi ta sauko da shi gefe ɗaya tana ce wa maƙwabciya ƙofa ce ta buge ta. Giɓin da kika bari mai karatu zai cike shi da abin da ya fi wanda za ki iya rubutawa.

Sakayawar kuma ki yi ta da gaske, kada ta tsaya ga canza suna. Ki ɗauke labarin daga "ni" ki mayar da shi "ita", ko ki ba da shi ta bakin ƙanwar miji ko 'yar riƙo da ke gidan, wadda take gani amma ba ta gane komai ba tukuna. Ki canza gari, ki canza sana'a, ki canza yawan 'ya'ya da jinsinsu, ki haɗa halin mutum biyu a jikin mutum ɗaya, ki ari wani abu daga labaran da kika ji a wurin kitso ko a layin awo. Idan kin gama ki ajiye shi wata uku ba ki duba ba, sannan ki ba mutum ɗaya da ya san gidan, mai riƙon amana, ki tambaye shi ko ya gane wani; in ya gane, da sauran aiki. Ki fitar da shi da sunan alƙalami.

Amma duk wannan na littafi ne, kuma maganar ɗanki ba ta littafi ba ce. A nan habaici ba shi da wuri, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Al'adarmu ta saba uba ya karɓi yaro idan ya kai wajen shekara bakwai, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, na mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta auri wani bare ga yaron ba, kuma ko a ina yaro yake zaune ba a yarda a yanke shi daga mahaifiyarsa ba. A ƙasarmu, inda har yau ba a zartar da kundin dokar iyali ba, irin wannan magana takan fara daga sulhun dangi, ta je ga mai unguwa ko fadar sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasantawa, in ta ƙi sai gaban alƙali, wanda yake zama da masana al'ada. Tun kafin a kai ga rikici, ki nemi wani babba namiji daga danginku da malamin da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, a zauna a tsayar da ranakun da yaron zai riƙa zuwa wurinki, da hutun lakwal da na salla, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ki yi wannan kafin sabon rubutunki ya fita ko'ina.

Gwaggonki kuma ki je ki same ta da kanki, kada ki aika saƙon murya. Ki tafi da ɗan abin gaisuwa bayan la'asar, ki durƙusa ki gaya mata kin goge abin da ya nuna gidan, ki ba ta haƙuri a kan laƙabin tsohuwar surukarki da kika ambata, wanda ko ni na ga bai kamata ba. Kada ki yi mata alkawarin daina rubutu, domin ba za ki cika ba. In ta sauko har hira ta yi daɗi, ki roƙe ta ta rera miki waƙoƙin da suke yi a bakin turmi lokacin tana amarya, ki tambaye ta da wa ake a kowane baiti, ki kuma tafi da takarda da biro. Sabon babin farkon, wanda zai buɗe da tiya da layin yatsa, ina jiransa bayan salla.